Irin da Inna ta Ƙulla a Bakin Zane

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wanda ya riga da wanda ya yi jinkiri duk hanyar ɗaya ce. Kaka biyu ke nan da rasuwar uwar mijina, wadda mutanen Matameye ke kira Hajiya, ni kuma nake ce wa Inna. Da ba zan tayar da zancenta ba, don ni ba mai baki ba ce, kuma na gaji. Amma shekaranjiya wata yarinya ta shigo gidanmu goye da ɗanta yana tari, ta ce an aiko ta wajen mai ɗaɗɗoya, ta nuna ni da baki. Na ce mata ɗaɗɗoyar Hajiya ce. Ta ce wace Hajiya? To, kun ji abin da ya hana ni yin shiru.

Ta cika ne da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Kafin rana ta yi tsaka gida ya cika. Maigidana, wanda shi ne ɗanta na fari, bai zubar da hawaye ba. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya ce, "Jiya fa ta sha kunu, ta shanye tas." Haka ya yi ta faɗa har aka ɗauke ta. Ƙanwarsa da ke aure a Ɗan Barto, wadda ta kwana bakwai tana jinya tare da mu, ita kam ta yi kukan da sai da liman ya aiko daga waje a ce ta sassauta. Tsofaffin mata suka jeru a inuwar rumbu, kowa da abin da take tunawa. Wata ta ce ba don Hajiya ba da tari ya tafi mata da jika. Wata ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma kai, akwai baki." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka koma salati.

Maƙwabciyarmu matar maƙeri, wadda danga ɗaya ta raba mu da ita, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta zauna ba, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta juya. Shekara goma sha ɗaya ba sa magana da Inna, don haka ba wanda ya yi mamaki, sai dai an yi ta zancen har ranar sadakar uku.

Ni kuwa ina madafa, ina tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi na yi mini kukan da na kasa yi da kaina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi gaskiya: abin da ya fara faɗo mini a zuciya da aka ja mata mayafi shi ne, daga yau na huta da ɗiban ruwan ganye. Shekara ashirin da shida ina ɗauko tulu daga rijiya saboda 'yar gonarta ta bayan ɗaki. Na yi istigfari, na sake yi, amma tunanin bai tafi ba sai da ya gama zamansa.

Ina can madafar aka yi ɓarnar. Masu wanka suka nemi abin ƙamshi da za a sa a likkafani, sai ƙanwar maigida ta zaga bayan ɗaki ta karyo kawunan furen ɗaɗɗoya cike da hannu. Ba ta yi da mugun nufi ba, uwarta take so ta tafi da ƙamshin da ta saba. Amma da mata suka gani, sai kowa ta miƙe. Wannan ta tsinki reshe don albarka, tunda asalin abin daga ƙasa mai tsarki ya fito, waccan ta tuge da saiwa za ta kai Yauri, wata ta cusa a ɗankwali. A cikin shukar akwai guda ɗaya da Inna ke ɗaura wa jan zare duk shekara, tana kiranta uwar iri, ba a tsinkar ko ganyenta sai kawunanta sun bushe an murje. Saura kamar kwana goma ta nuna. Ita ma ba a bar ta ba. Ranar uku da na samu kaina na leƙa, sai karare a tsaye, jakunan baƙi sun tattake ragowar, ga jan zaren a ƙasa. Waɗanda suka tafi da saiwa kuma ba wadda ta kama musu.

Ranar bakwai maigida ya zaga ya tsaya a wurin ya daɗe. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi ke nan ita ma ta bi ta?" Sai na shiga ɗakin Inna na buɗe adudunta. A ƙarƙashin carbi da wani tsohon zane na samu ɗan ƙullin tsumma, bai fi kan babban yatsa ba. Irin bara ne da ta ajiye. Na sha jinta tana cewa irin ɗaɗɗoyar nan in ya ga damina biyu a ƙulle ya mutu. Ke nan bazara mai zuwa ce kaɗai ta rage mana, in ta wuce bai tsiro ba, abin da ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana riƙo ya ƙare a hannuna.

Wanda bai sani ba zai ce ɗaɗɗoya ce fa, wadda ke fitowa a kowace juji da damina. Tata daban ce. Karanta ja-ja ne mai gashi, ganyenta in ka murza sai ka rantse kanumfari aka daka, in ka tauna kuma ya ɗan ciji harshe. Labarin yadda ta same ta ba ni ta ba wa ba, baƙi take ba wa, ni ina daka ina ji. Tana da ƙuruciya ta yaye maigidana ta bar shi wajen kawunsa, ta bi mijinta hajji da ƙafa. Sun sauke farali, amma a Jidda zazzaɓi ya kama su su biyu, shi ya tafi, ita ta rage da cikin ƙanwar maigida. Wata Bahindiya da suke zaune a lungu ɗaya ita ta yi ta dafa mata wannan ganye tana ba ta, ba mai jin yaren wani. Ranar da za ta shiga jirgin ruwa matar ta ƙulla mata irin a bakin zane, ta nuna mata da hannu yadda ake yi.

Shekara shida ta yi a hanyar dawowa. Duk inda damina ta tsare ayari, a Fur ne, a Wadai ne, a Barno ne, sai ta nemi fasasshiyar tukunya ta shuka, ta yi wa mutane surfe da ɗiban ruwa har irin ya nuna, ta sake ƙullawa, a ci gaba. Takan ce, "Ni da ita muka tako, ba wadda ta goyi wata." Ta iso Matameye da yarinya a hannu da ƙulli a bakin zane, ɗan da ta bari kuma ya ɓuya bayan kawunsa don bai san ta ba.

Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakewa da shi. Inna ta riƙe wannan kunya da ƙarfi, har ta shafe ni da na zama matarsa. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa duban idona ta ce "ke" ba. In tana son abu sai ta gaya wa iska. "A kawo ruwa." "Masu gidan nan ba su ga rana ta yi ba?" Wani lokaci kaji take gaya wa. Ni ma na koya, in zan ba ta amsa sai in gaya wa turmi. Haka muka zauna, kaji da turmi suna kai saƙo a tsakaninmu, kuma ban taɓa jin wani ya ce ba daidai muke yi ba, yabon kunyarmu ma ake yi.

Tana da maganganunta. In mace ta zo roƙon ganye ta miƙa hannu za ta fizga, sai ta ce, "Da farce ake tsinka, daga kai, ba gashin kishiyarki ba ne." In an yaba yawan shukar sai ta ce, "Yabi tulu." Ni ce tulun, amma ba ta taɓa faɗa ba. Ba ta karɓar komai a kan ganyen, sai dai wanda ya karɓa bai ce bismillah ba zai ji abin da bai zo nema ba. Gonar kanta ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba: barkono a gefe, yakuwa, lalle guda ɗaya a kusurwa, sauran duk ɗaɗɗoya. A nan take alwala, don kada ɗigo ya tafi a banza.

Sau ɗaya muka yi faɗa, shi ma ta bakin turmi. Shekarar da rijiyar unguwa ta ja baya ne, sai ka ƙara igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa, ga layi tun asuba. Na dawo da tulu na huɗu wuyana kamar zai karye, na tarar tana jira da ƙwarya a bakin shuka. Na dire tulun na ce wa turmi, da ƙarfi, "Mutane na ƙishi, ganye na wanka." Can ta ce wa kaji, "A bar tulun. Mai abu shi ke wahalar abinsa." Daga ranar ba ta ƙara taɓa ruwan gida don shuka ba. Rabonta na sha take rabawa biyu, rabi ta kurɓa, rabi ta zuba musu da ludayi. Na ga leɓenta ya tsage, na gani sarai, amma taurin kai ya riƙe ni kwana tara. Ranar goma na ɗauko tulu na ajiye a bakin gonar. Ita kuma ta ce wa kaji su matsa.

Alherinta kuwa, ga wanda ba zan manta ba. Haihuwata ta huɗu ɗan bai zo da rai ba, zazzaɓi ya biyo baya ya danne mini ƙirji, numfashi sai da dabara. Ƙarshen kaka ne, an yi ta tari a gari, masu roƙo sun cinye ganyen duka, ba abin da ya rage sai uwar iri da jan zarenta, kawunanta ko ja ba su fara ba. Ina kwance ina hango ta ta ƙofa. Ta tsaya a kan shukar ta daɗe, sannan ta kwance zaren ta naɗe a yatsa, ta sa wuƙa ta yanke daga tushe. Ta dafa da citta da zuma, ta ajiye a bakin ƙofata ta ce wa iska, "Masu ɗakin nan su sha da zafinsa." Kwana biyar tana kawowa har na tashi. Shekarar nan ba ta samu sabon iri ba, da tsohon ƙulli ta shuka, uku kacal suka fito. Ba ta taɓa goranta mini ba, ni kuma ban taɓa yi mata godiya ba, don ban san ta bakin wa zan aika ba. Turmi ba ya ɗaukar irin wannan saƙo.

Faɗanta da matar maƙeri akuya ce ta jawo. Akwai wata kafa a dangar da ke tsakaninmu, ta nan akuyar ta kutso wata bazara ta share 'ya'yan shukar da aka dasa, biyu kawai ta bari. Inna ta kama ta ta ɗaure a turke, ta tatse ta kwana uku, ta ce diyya ce. Da mai ita ta zo karɓa, Inna ta ce akuyar ta fi uwar gijiyarta hankali, don ita ta san abu mai kyau. Matar maƙeri ba ta da ragi a baki. Ta ce, "Yo wasu sun je Makka sun dawo da zamzam, wata ta baro miji can ta dawo da ciyawa." Na ga fuskar Inna a lokacin. Ta kwance akuyar ta miƙa igiyar, ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci tuwo ba. Kafar dangar kuma ba a taɓa gyara ta ba, kowa ta ce hakkin ɗayar ne, sai ƙaya da aka cusa.

Saura ranar shuka, wadda ita ce ranar da na fi ƙi a shekara. In sanyi ya wuce ƙasa ta ɗauki zafi, sai Inna ta fito da fasassun tukwanenta ta jera daidai kafar dangar nan, inda rana ke fara sauka, ta zauna ta miƙe ƙafa ta kama surutu da ƙarfi ita kaɗai. Ni kuwa na san ma'anar ranar: an buɗe mini wata shida na ƙarin tulu. Da na ji ta fara sai in sungumi tuluna in nufi rijiya da haushi, in zauna hira da mata har sai na tabbata ta gama. Haka na yi duk shekara, ban fasa ko sau ɗaya ba.

To, ga bazara ta zo, ga ƙulli a hannuna, ba Inna. Na kwance tsumman na ga irin baƙi ƙanana, ridi ma babba ne a kansa. Ban tsorata ba. Ni 'yar Tsauni ce, 'yar manoma, tun ina shekara bakwai nake bin bayan sungumin babana ina jefa gero ina rufewa da diddige. Shuka ce za a koya mini? Na raba irin biyu, na cika tukwane da ƙasa, na huda da yatsa, na zuba, na rufe na danne da kyau, na kwarara ruwa da ƙwarya. Na jira kwana goma sha biyar ina ban ruwa safe da yamma. Ciyawa ta fito, har da wani ɗan yakuwa da ban gayyata ba, ɗaɗɗoya ko ɗaya.

Maigida ya duba ya ce, "Tururuwa ce ta kwashe. Ki zurfafa, ki barbaɗa toka." Shi ma manomi ne ɗan manomi, abin da ya sani ya faɗa. Na ɗebi mafi yawan abin da ya rage na zurfafa har gaɓa biyu ta yatsa, na barbaɗa toka, na ƙara ruwa. Wasu kwana goma sha biyar suka bi 'yan'uwansu. Gizagizai sun fara taruwa ta gabas da yamma, kuma na san in ruwan farko ya sauka lokaci ya ƙure. Abin da ya rage a tsumman bai fi a ɗauka da yatsa biyu sau ɗaya ba, sai ɗan wanda ya maƙale a zaren.

Wata safiya na zauna gaban tukwanen da tsumman a cinyata. Na gaji da ruwa, na gaji da jira, na gaji da matar da ta mutu ta bar mini aikin da ba ta koya mini ba. Kukan da ban yi ranar rasuwarta ba shi ya zo, kuma rabinsa haushi ne. Na share ido na sa yatsa zan huda ƙasa karo na ƙarshe, sai na ji murya ta cikin ƙayar danga.

"Ke 'yar manoma. Binnewa za ki kuma yi?"

Matar maƙeri ce. Na ce, "To me ake yi wa iri in ba binnewa ba, Gwaggo?"

Ta ce, "Cire yatsan nan. Kar ki taɓa komai sai na zo."

Ta zagayo ta ƙofa tana dogara sanda, wannan karon ta cire takalmi. Ta leƙa tukwanen ta yi tsaki. "Kin kashe su da ƙauna. Sau biyu ina kallonki, na ce ba ruwana, gidan da aka ce akuyata ta fi ni hankali. Amma na ukun nan ba zan iya gani ba. Kawo rariya."

Ta sa na tankaɗe rairayi mai laushi, na haɗa da busasshen kashin awaki da ta murje da hannunta. Na tambaye ta ina zan riƙa samu, mu da ba ma kiwo. Ta ce, "Ina tsohuwar ke samu? Kin taɓa tambaya? Duk shekara ta kafar nan nake sharo mata shi, ita kuma ta kwashe kamar daga sama ya faɗo." Muka cika tukunya ɗaya mai huda a gindi, ta sa na jiƙa ƙasar tun kafin iri ya taɓa ta, muka jira ta tsane. Sannan ta ce in gauraya irin da ɗan rairayi a tafin hannu in barbaɗa a kai, in karkaɗe tsumman ma. Na barbaɗa, hannuna da kansa ya kai ga ƙasa zai rufe. Ta buge shi da sanda.

"Wannan ba gero ba ne. Ido yake so ya yi da rana, in kin ruhe shi ya mutu. Tafin hannu za ki ɗora ki danna kaɗan, kamar mai taɓa goshin mai zazzaɓi. Shi ke nan."

Ruwa ma ta hana ni ƙwarya, ta ce shi ke tura irin ƙasa. Tsintsiya ta sa na tsoma a ruwa ina yarfawa daga sama. Ba a jima ba na ga kowane ƙwaya ya yi wani farin yauƙi a jikinsa, na ce wayyo ya ruɓe. Ta ce haka yake yi, rigarsa ce. In rana ta take a kara masa faifai daga gefe, da la'asar a ɗauke, kada ƙasar ta bushe, kada kuma ta yi caɓi. In ya yi ganye huɗu a dasa da yamma. In ya kai taƙi a tsinke kansa don ya yi rassa, a bar guda ɗaya a ɗaura mata zare.

Na dube ta na ce, "Gwaggo, ke da ba kwa magana, ina kika san duk wannan?"

Ta zauna a kan turmi ta ajiye sandar. "Yo ba dole in sani ba? Shekara goma sha ɗaya tana zama a nan tana faɗa da ƙarhi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai biya wa yara allo. Da fari na ɗauka habaici take mini. Sai wata shekara na ji ta tsaya a tsakiyar magana, ta saurara, ta ce, an tahi rijiya kuma. Ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta ci gaba har ƙarshe, a hankali, ko za ki dawo da wuri." Ta dube ni. "Ke take wa karatu, ɗiyata. Ni ce na haddace."

Na tuna hirarrakin da na yi ta ja a bakin rijiya, na mijin wance da kitson wance, ina jin daɗi na tsere. Tsakanin inda take zama da inda nake ajiye tulu bai fi taku goma ba. Ita kunya ta hana ta kira ni, ni haushi ya hana ni tsayawa, muka cinye shekara ashirin da shida a haka.

Kwana takwas da shuka na ga wasu ɗigo-ɗigo kore a kan rairayin, sai ka durƙusa kake ganinsu. Tara suka fito, biyar suka rayu. Maigida ya durƙusa ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya shiga zaure, na ji yana fyace hanci. Da kaka na ɗaura tsohon jan zaren Inna a jikin wadda ta fi ƙarfi, na tsare ta kamar kaza da ƙwai. Da kawunan suka bushe na shanya a faifai cikin inuwa, na murje, na hure a hankali, na yi ƙulli biyu. Ɗaya na miƙa ta kafar danga.

Bazarar da ta wuce kuma ɗana na fari yana da amarya a gidan, 'yar mutanen Yauri, yarinya mai kunya, ita ke ɗauko ruwa yanzu tunda wuyana ya ƙi. Tun da aka kawo ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ce mata "ke" ba, yadda aka yi mini haka na yi, har kajin na gada. Ranar shuka na jera tukwane a bakin danga, na miƙe ƙafa, na ji bakina ya fara da kansa, da ƙarfi, yana gaya wa iska: "Wannan iri ba a binne shi." Ban kai ga tankaɗe ba na ji motsin ɗaukar tulu. Na waiga na ga bayanta, ta kusa ƙofa.

Sai na kira ta, da sunanta na yanka, har maigida ya yi gyaran murya daga zaure. Ta tsaya cak, tulu a kafaɗa, ba ta juyo ba.

"Inna, ni?"

Na ce, "Ke. Ajiye tulun nan, rijiya ba ta gudu. Zo ki zauna ki buɗe hannunki."

Ta cikin ƙaya na ji matar maƙeri tana dariya har da tari. An yi ta zance a unguwa cewa tsufa ya cire mini kunya, kuma ban musa ba. Yarinyar ita ta barbaɗa na bana, ita ta danna da tafinta, ita ta tsinko wa mai goyon shekaranjiya, da farce, daga kai.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwanci, ya shayar da ita fiye da ludayin da ta hana kanta. Ya yafe mata kaifin bakinta, ya yafe mini ƙafafuna da suka yi ta kai ni rijiya. Ku kuma da kuke zuwa karɓa, ku ce bismillah, kuma in an tambaye ku, ɗaɗɗoyar Hajiya ce.